Huhun Murjani

Wari ne ya tona asirin. A filin jirgin sama na Paris, ranar da 'yan kulob ɗin nutso na unguwarmu suka dawo daga tsibirin Réunion, wani jami'in duwan, wato kwastan, ya toshe hanci, ya nuna wata baƙar jaka ya ce a buɗe. Ƙarƙashin rigunan roba da gilasan fuska aka tarar da wani ƙunshi jiƙe sharkaf. Da aka yanke igiyar sai ga reshen murjani, tsawonsa ya kai kamu guda. Murjani a ido dutse ne, amma halitta ce mai rai, kuma wannan an ɓalle shi ne daga gandun teku inda doka ta hana a taɓa shi ko da yatsa. Ya mutu a hanya, yana wari kamar kifin da ya wuni a rana.

Jakar ta Latifa ce, 'yar Alhaji Alasan mai goro, kuma ita ce malamar nutson da ta jagoranci tafiyar. Ta dubi ƙunshin sau ɗaya, ta ce da Faransanci, "Ni na ɗauko."

Kafin jirgin ƙasa ya iso da su Lyon, labari ya riga su isa. Mu 'yan unguwar Guillotière ba ma barin magana ta huce. Yarinyar nan ita ta koya wa yaranmu iyo, mu da a garuruwanmu in ruwa ya kai gwiwa sai a fara salati. Ita muka raka tasha da guɗa. Amma a sati ɗaya muka mai da ita ɓarauniya, har da masu cewa dama sun lura da idonta. Iyaye suka janye yaransu daga kulob. Hukumar masu nutso ta kira ta Paris don ta yi bayani, kuma kowa ya san in ta maimaita abin da ta faɗa wa duwan, za a karɓe katinta na koyarwa, ba za ta sake shiga ruwa da ɗalibi ba.

Ubanta ne muka fi tausaya wa. Dattijo ya rufe shago ya bi su har can, wai ɗiya mace ba ta ƙetare teku babu muharrami, sai ga abin da ya dawo da shi. Bai ce uffan a kan maganar ba, mu kuma ba mu yi mamaki ba. Latifa 'yar fari ce, Alhaji kuwa mutumin Maradi ne na asali, mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Tun da aka haife ta ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Sai dai ya ce "yarinyar nan", ko ya nuna ta da haɓa.

*

Uwarta, Hajiya Maimouna, ita ce ta je wurin Malam Maazou.

Maazou tsohon ma'aikacin gandun daji ne a Nijar. Rabin rayuwarsa ya yi yana bin sawun mafarauta, ubansa kuma sawun raƙuman sata ya bi har ya tsufa. Aikin ido ya kawo shi Lyon wurin ɗansa, ido ya warke, jikoki suka hana shi komawa. Aikinsa yanzu shi ne zama a bencin shagon Alhaji Alasan, yana cin goron da ba a taɓa bari ya saya ba, yana gaya wa mutane inda suka fito ta hanyar duban takalmansu.

Bayan sun gaisa, Hajiya ta ajiye masa kwanon fura ta ce, "Malam, yarinyar ga ba ta ɗauki abin nan ba. Ni na haihe ta. Ko goro guda ba ta taɓa ɗauka cikin shagon ubanta ba sai ta tambaya."

"Amma da bakinta ta ce ita ce, Hajiya."

"Shi ne abin da ya hana ni kwana."

"Ni hwa sawun ƙasa na sani. Ruwa ba shi riƙe sawu."

"Ai duk wanda ya shiga ruwa, ta tudu shike hitowa."

Maazou ya yi murmushi, ya jawo kwanon. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya tambaye ta yadda gidan yake tun dawowarsu.

"Kamar gidan makoki," in ji ta. "Ita ba ta magana, shi ba shi magana. Tahiyar ga babu alheri cikinta. Ka san Alhaji, ko Marseille ya je ya wuni sai ya kawo min tsaraba, ko da sabulu ne. Ran da za su tahi har na tsokane shi, na ce tunda an ce can murjani ke tsirowa kamar geza, kar ya dawo min hannu rabbana, ya san nawa na gado ya tsinke tun shekarar da munka zo. To ka gani, wannan karon ko allura."

Maazou ya shanye furar, ya yi godiya, ya ce zai duba.

*

Mutum na farko da unguwa ta nuna masa shi ne Rayan, wani ɗalibi ɗan kulob ɗin. An ce yana da akwatin gilashi cike da kifaye a ɗakinsa, an kuma ce yana son Latifa, saboda haka shi ya sata ita ta rufa masa asiri. Mu a wurinmu shari'a ta ƙare ke nan.

Maazou ya hau bene har hawa na biyar yana haki. Akwatin na nan kuwa, da jajayen kifaye biyu suna zagaya wata ciyawa. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan, babu gishiri. Ya taɓa ciyawar, ta roba ce.

"Tonton, wallahi ko kifin nan ƙanwata ke ba su abinci," in ji Rayan, don haka yaranmu ke cewa kawu da Faransanci. "Murjani a ruwan famfo? C'est pas possible, ba zai yiwu ba. Kuma maganar so ɗin nan, ita ba ta ma sani ba."

"Ban tambaye ka wannan ba. Ina jakar?"

Jakar na ɗakin ajiyar kulob, a gefen wurin iyo na unguwa, Rayan ne mai makulli. Duwan sun riƙe murjanin, amma sun cusa tsumman da aka naɗe shi a aljihun jakar, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa shi tun ranar. Maazou ya zaro shi ya shimfiɗa a ƙasa. Guntun buhu ne mai kauri, launin ƙasa, da ɗigo-ɗigon ja da ya daɗe a jikinsa. Jami'in da ya buɗe ya yi amfani da wuƙa, saboda haka ƙullin igiyar na nan yadda mai shi ya ɗaure: an gitta igiyar sau biyu, an bar mata kunne ɗaya wanda in an ja zai warware.

Ya daɗe tsugune. Ya kai tsumman hanci, ya wuce warin teku, ya iske wani ƙamshi a ƙarƙashinsa wanda ya sani kamar sunansa. Sai ya tashi ya je kwandon shara, ya tofar da goron da ke bakinsa.

"Tonton, lafiya?"

"Wa kuma anka ce ana zargi?"

"Benjamin. Ɗan Najeriyar nan na Paris."

"To, Paris za ni," in ji Maazou. Daga baya ya ce bai taɓa bin sawu yana roƙon Allah ya ɓatar da shi ba sai ranar.

*

Benjamin injiniya ne, mutumin Jos, yana zaune a unguwar Belleville ta Paris. Ya daɗe yana nutso, shi ya sa Latifa ta gayyace shi ya taimaka mata da sababbi. Laifinsa a wurinmu guda biyu ne: ba namu ba ne, kuma an ga hannunsa naɗe da bandeji a hotunan dawowa. Abin kunya ne, amma haka muka yi.

Ya tari Maazou a bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai shi wani ɗan gidan abinci, ya sa aka kawo shayi. Da dattijon ya dubi hannun, sai ya yi dariya ya kwance bandejin. Yanka ne miƙaƙƙe, tsaf.

"Gwangwanin sardin ne, Baba. Ciwon murjani ba haka yake ba. Shi kurjewa yake, ya kumbura, ya yi ta ruwa, in ba a wanke shi da kyau ba sai ya yi wata bai warke ba."

"Ba ni labarin wurin. Ni ban taɓa ganin ƙasan teku ba."

Fuskar Benjamin ta sake. Ya ce in mutum ya goya tulun iska ya sauka, duniya sai ta yi tsit, ba ya jin komai sai numfashinsa. Ƙasa kuma gari ne sosai, da unguwanni da lunguna, wani murjanin kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, kifaye masu launin atamfa suna shiga suna fita, kunkuru ya zo ya wuce ka ko kallo ba ka ishe shi ba. Ya ce reshe kamar wanda aka kama yana iya shekara goma yana girma.

"Latifa kuwa soja ce a ruwa. Hannu a naɗe a ƙirji, haka take sa mu tafiya. Ranar farko filafilin ƙafata ya ɗan goge wani dutse, ta yi min alama mu hau sama, ta wanke ni tas a gaban yara. Ni da na girme ta."

"Wani ba shi iya ɓallewa ya ɓoye?"

"Da wuya. Ba a nutso mutum ɗaya, biyu-biyu ake yi, kowa idonsa na kan ɗan'uwansa. Ba safar hannu, ba wuƙa. Kuma Baba, abin da ya ɗaure min kai, irin wannan reshen ba sai an nutsa ba. A bakin gaɓa yake, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. An ma kafa alluna an hana takawa. Sannan masu satar murjani busar da shi suke yi, su wanke shi da sinadarin bilic ya yi fari, ba wari. Wannan kuwa an jiƙa shi an naɗe, kamar mai shi yana tsoron kada ya bushe."

"In kun tahi cikin kwalekwale, wa ke zama bakin gaɓa?"

"Ba kowa. Sai Alhaji, yana gadin takalma."

Shayin Maazou ya huce bai taɓa ba. Ya tambaya ina Alhaji yake lokacin da aka buɗe jakar.

Benjamin ya ajiye kofinsa. "Yana bayana. Da aka yanke igiyar ya tambaye ni ina ne bayi."

*

Washegari, da ya dawo Lyon, Maazou ya sami Latifa a ɗakin ajiya tana ɗauraye gilasan da babu yaran da za su sa. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya zaro tsumman daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan benci.

Ba ta tambayi mene ne ba. Ta ce, "Baba Maazou, s'il te plaît, don Allah."

"Algarara ce wagga, ɗiyata. Da ita aka naɗe goro, a yayyaha mai ruwa don kar shi bushe. Duk Lyon mutum nawa ne za su ga dutse su yi mai huhu?"

"Ni ce. A shago na koya."

"To."

Ruwan famfo na ta zuba a bokiti har ya cika ya fara malala. Ta rufe shi, ta zauna a ƙasa.

"Kati ne kawai," in ji ta. "Zan sami wani aiki. Shi fa? Shekara talatin yana gina sunansa a titin nan. Shi ake ba ajiya, shi ke sasanta aure. In aka ce Alhaji ya yi sata, ya kuma bar 'yarsa a hannun duwan, da wane ido zai fito? Bai san laifi ba ne, Baba. A ganinsa dutse ne a bakin ruwa. Akwatinsa ya yi nauyi, ya sa a jakata, c'est tout, shi ke nan."

"Ran da ya ɗauka bai sani ba. Yau ya sani."

Ta sunkuyar da kai.

"Kun yi maganar da shi?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da Baba? Mu ba ma irin wannan maganar. In na shigo falo shi ya fita. Ba ƙi ba ne, na sani, haka aka yi su. Don Allah ka bar shi haka."

Maazou ya naɗe tsumman ya mai da aljihu. Bai yi mata alkawari ba, kuma ta lura.

*

Maazou ya isa shagon Alhaji da hantsi, an gama goge daɓe ke nan bai bushe ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya karanta abin da ke ƙasa. Sawun hagu cikakke ne. Na dama kuwa diddige ne kawai, mai shi yana ɗage tafin ƙafa kamar mai taka ƙaya. Tun dawowarsu Alhaji a kan kujera yake salla, yana cewa sanyin ƙasar nan ne ya kama shi, mu kuma muna yi masa sannu.

"Maazou, kwana biyu! An ce har Paris ka je," in ji Alhaji Alasan. Ya zaɓo farin goro babba ya miƙo masa, yadda ya saba.

"Na gode, Alhaji. Yau ba ni ci."

Hannun ya tsaya a iska. Tun da suka san juna ba a taɓa yin haka ba.

"Yaya ƙahwar?"

"Sanyi ne."

"Sanyin da ke ruwa har shi ɓata sahwa? Ka je likita ya wanke ma ita. An ce ciwon dutsen nan ba shi warkewa da kanshi."

Alhaji ya mai da goron cikin huhu, ya shiga gyara algarar da ba ta buƙatar gyara. Wuyansa ya yi gumi.

"Ubana ya taɓa bin sawun raƙumi kwana da kwanaki," in ji Maazou, yana kallon titi. "Sawu ya kai shi ƙohwar gidan da ya saba cin tuwo. Ya zamna bakin ƙohwar har mai gidan ya hito da raƙumin da kanshi. Bai kira sunan kowa ba. Ni ma ba ni kiran sunan kowa."

Wata mata ta shigo neman kuka da daddawa. Alhaji ya tafi wurinta da sauri yana ɗingishi, ya yi ta jan ciniki da ita kamar ransa ya dogara da shi. Maazou ya jira, ya ga ba za a dawo gare shi ba.

"Lahadi bayan la'asar akwai taro," ya faɗa daga bakin ƙofa. "Laraba yarinyar ga za ta Paris."

*

Ɗakin taron ƙungiyarmu ya cika ranar Lahadi, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. An zo ne a yanke shawarar rufe kulob, a kuma sanar da hukuma cewa jama'a ba ruwansu da abin da ya faru. Rayan na can baya. Benjamin ya zo daga Paris, aka bar masa kujeru biyu babu kowa a kowane gefe. Latifa na kusa da uwarta, idonta a ƙasa. Alhaji Alasan na sahun gaba wurin dattawa, ƙafar dama a miƙe.

Da aka ba Maazou magana, sai ya fito da 'yar jaka. Ya zube goro a kan tebur, ya ajiye sabuwar algarara da igiya da kofin ruwa. A gefe guda kuma ya shimfiɗa tsohon tsumman, da ƙullinsa mai kunne ɗaya.

"Jama'a, kun ce Rayan ne. Na je, kihinshi na ruwan pampo ne, ciyawarshi ta roba." Aka yi 'yar dariya. "Kun ce baƙonmu ne. Na je, gwangwani ya yanke shi, kuma ya ba ni shayi, abin da mu ba mu ba shi ba yau." Dariyar ta mutu. "Saura wadda ta ce ita ce. Ga abin da anka naɗe murjanin da shi. Ɗiyata, kin ce ke kinka ɗaure. Taso ki ɗaure ma baƙonmu goron ga shi tahi da shi, irin wancan ɗaurin, kowa shi gani, a rufe magana."

Latifa ta dube shi, kallon da ya ce har ya mutu ba zai manta ba. Ta tashi ta zo. Ta tattara goron a tsakiyar algarara, ta manta da ruwan. Ta naɗe, gefe ɗaya ya buɗe. Ta gitta igiya, ta zame. Yarinyar da ke ɗaure kwalekwale a cikin igiyar ruwa, yau ƙullin goro ya gagare ta. Goro ɗaya ya gangaro ya faɗi ƙasa, ya mirgina har gaban dattawa. Ta sake farawa. Hawaye na ɗiga a kan buhun, ba ta share ba, ta dage sai ta ɗaure ƙaryar nan ta zauna.

Sau uku tana farawa.

"Ba haka a kai ba."

Alhaji Alasan ne. Ya dafa kujera ya miƙe, ya ɗingiso zuwa teburin. Bai dube ta ba. Ya janye algarar daga hannunta, ya tsoma yatsu a kofi ya yayyafa, ya jera goron, ya naɗe, ya gitta igiya sau biyu, ya ja. Kafin a ƙifta ido ga huhu a zaune, da kunnensa ɗaya. Ya ɗauke shi ya ajiye kusa da tsohon. Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne.

Hajiya Maimouna ta ce, "Innalillahi," ta rufe baki da mayafi. Ta tuna tsokanar da ta yi.

"Ni ne," in ji Alhaji. "Ni na naɗe wando na shiga, suna can cikin teku. Na ga allon, ban tsaya na tambayi mi ya ce ba. Na taka wani, ya yanke ni, na ɓalle wani. Tsaraba na so in kai gida. Da anka buɗe jakar ina tsaye, ina ji ina gani, na tahi bayi na ɓuya kamar yaro. Kullum ina cewa gobe zan hwaɗi. Kun yi ta min jaje, ina amsawa."

Ya cire hularsa, ya riƙe ta a hannu. Ban taɓa ganin kan Alhaji babu hula ba, kuma ban so na gani ba. Kowa ya nemi inda zai sa idonsa. Matan da suka lura da idon yarinyar tun da can, yanzu tabarma suke lura da ita. Wani dattijo ya matsa ya zauna kusa da Benjamin. Maazou kansa ya koma kujera ya zauna kamar shi aka kama, don ya ci goron mutumin nan shekaru, kuma ya san bencin shagon ya haramta gare shi daga yau.

Latifa ba ta tsaya jin sauran ba. Ta juya ta nufi ƙofa, kafaɗunta na girgiza. Abin da ta sayar da sunanta don kada ya faru, ga shi ya faru a gaban kowa.

"Laraba ni za ni Paris," in ji Alhaji, yana ɗaga murya don ta ji. "In tara ce, in kurkuku ce, ni ne. Ku shaida, yarinyar nan ba ta..."

Ya tsaya. Ya dubi bayanta, ta kusa fita. Leɓɓansa suka yi motsi sau biyu babu sauti.

"Latifa."

Ba ta waiwayo nan take ba. Ta saba jin sunan a bakin malamai da 'yan duwan da yaran unguwa, amma ba ta san shi da wannan muryar ba. Sai da ta kama marfin ƙofa sannan ta gane wanda ya kira.

"Latifa ba ta ɗauki komi ba," in ji Alhaji Alasan, hawaye na bin gemunsa. "Latifa, ki gahwarta min."

Ta saki ƙofar. Daga can inda take ta durƙusa har ƙasa, yadda ake yi in uba ya kira, ta ce, "Na'am, Baba."